Ƙyallen Tutar Malam

Jiya ƙanwata ta manta dutsen guga a kan abaya, ƙaurin ƙyalle ya cika mana falo a unguwar Safa, nan Jidda. Sai ƙaurin ya mayar da ni tsakar tsohon gidanmu na unguwar Hindawiyya ina shekara tara. Ku tsaya in ba ku labarin nan, don wallahi ya daɗe yana cin raina.

Kakata tana da wani gwangwanin alewa a ƙarƙashin gado. A cikinsa akwai koren ƙyalle, bai fi hankici ba, kuma ba mai taɓa shi sai da alwala. Mahaifinta ne ya zo da shi. Yana cikin samarin da suka bi wani Malami suka yaƙi Faransawa a ƙasarmu ta asali. Da bindiga ta fi ƙarfinsu, Malam ya yayyaga tutarsa, ya ba kowane gida yanki ɗaya. Ya ce su yi gabas, yana nan tafe, a Makka za a haɗa a ɗinke. Suka taho a ƙafa. 'Ya'ya biyu mahaifin nata ya binne a hanya, ita kuma a gonar auduga aka haife ta a Sudan. Malam bai zo ba. Labarin da ya iso shi ne ya rasu a kurkukun Nasara, shi ya sa duk Juma'a kaka sai ta soya waina ta yi masa sadaka.

Wani lokacin zafi, irin zafin Jidda da riga ke manne wa mutum a baya, wani baƙo ya zo umara ya nemo gidanmu. Tattaɓa-kunnen Malam ne, a Faransa yake zaune. Kawuna ya aro kujeru, ya sayo kaji a kasuwar Bab Makka, kaka ta ɗora shinkafa. Duk tsufanta ta durƙusa ta gaishe shi, tana ce masa ranka ya daɗe.

Sai ya fito da hoto. Ga Malam da farin gemu a kan kujera, lambar yabo a ƙirji, gwamnan Faransawa a damansa, matar gwamna tana zuba masa shayi. Baƙon yana murmushi yake bayani, wai tsarewar ba ta daɗe ba, daga baya Malam da Faransawan suka zama aminai, suna aika wa juna wasiƙu, suka gina masa gida, suka kai 'ya'yansa karatu. Yanzu za a baje kayan tarihin wannan abota a can, yankin tutar yake so. Ya ƙara da cewa ya san mutanen da za su samo wa kawu fasfo. Kawu kuwa a nan aka haife shi, amma ba shi da iƙama, wato takardar zama, motar sintiri in ya hango sai ya shige lungu.

Kaka ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce, "Ɗan nan, a wasiƙun nan ya taɓa tambayar waɗanda ya tura gabas?"

Ya ce ya karanta su duka, bai tuna ya ga haka ba.

Kawu ya matso yana raɗa: "Inna, ƙyalle ne fa. Ki ba shi, halas, shi ke nan, in samu takarda."

Ta tashi ta ɗauko shi. Na zaci miƙa masa za ta yi. Sai ta wuce murhu, ta naɗe hannun tukunya da shi, ta sauke, ta dire a gaban baƙo ta ce bismillah. Gefen ƙyallen yana hayaƙi. Daga ranar ya koma cikin tsummokaran kicin har ya ƙare. Wainar Juma'a ba ta daina ba, amma ta koma sadakar yayyenta biyu na hanya.

Wata guda kawu bai ci abincinta ba. Bayan rasuwarta aka kama shi, aka tura shi ƙasarmu ta asali, wadda bai taɓa gani ba.

Yanzu na koyi bincike a waya, duk abin da na samu a kan Malam na karanta. Yabonsa ake ta yi, wai mai yafiya ne, mai hangen nesa. Ƙila ma ya ceci garinsa, ban musa ba. Amma layi ɗaya ban gani a kanmu ba, ya'ani ko ɗaya. Gidanmu na Hindawiyya babu shi, gwangwanin ma ya ɓata a ƙaura. Gidan Malam kuwa yana nan a ƙasar tamu ta asali, an shafe shi da farin fenti, da allo da Faransanci a ƙofa. Kawu ne ya faɗa min, don a tsallaken titin yake sayar da shayi. Ya ce har yau bai shiga ba.