Yadda na karanta wa kawu littafin yunwa

Ina ɗan sakandare a Yendi na karanta wani littafin Turanci, labarin manomin da fari ya cinye gonarsa. 'Yan'uwansa duk suka watse, shi ya ƙi barin tsohuwarsa, har yunwa ta kashe su biyun. Na yi kuka sosai, na kuma rantse a raina cewa in dai zumunci ne, ni ma haka zan zama.

Bayan shekaru, ina koyarwa a Salaga, na sake ɗauko littafin. A makon ne ƙanin mahaifiyata ya sauko daga motar doya, daga ƙauyensu can bayan Bawku, wai gaisuwar kwana biyu ya zo. Wata guda ya wuce bai ambaci tafiya ba. Ni kuwa da na dawo daga makaranta sai in shige ɗaki in ja ƙofa, in yi ta sharar hawaye saboda manomin takarda, na gaske yana tsakar gida yana jiran in ce masa sannu.

Maiɗakina ce ta tona ni. Tana ajiye masa tuwo ta ce, "Kawu, ɗanka fa talakan littafi yake so, don shi ba ya cin abinci."

Kawu ya ce to a karanta masa. Kullum bayan la'asar ina fassarawa, yana cin goro yana gyara wa marubucin.

"Wannan bai taɓa jin yunwa ba. Mai jin yunwa ne zai tsaya yana yi wa gajimare jawabi?"

Na ce ai jarumi ne, ya riƙe amana.

"Sakarai dai. Da ya goya tsohuwar ya kai ta gidan ɗan'uwansu mai albashi." Ya dube ni, ya ci gaba da tauna.

Da ya ce ba zai tafi ba sai ya ji ƙarshe, sai na fara tsallake babi biyu-biyu. Ran Alhamis na kashe tsohuwar, ran Juma'a na binne ɗan. Kawu ya jinjina kai.

"Allah ya ji ƙansu. Amma ka yi sauri da yawa, ɗana. Mu sake daga farko."

Muna tsakiyar karatu na biyu ruwan shuka ya sauka. Washegari kawu ya ɗaure kayansa ba wanda ya ce masa komai, ya tafi da lemata.