Milka Azariya da Shaidun Shafi na 58

Ka taɓa cika shafi huɗu da rubutu mai kyau, babu gogewa ko ɗaya, a dawo maka da takardarka da maki 28 cikin ɗari? Milka Azariya ta taɓa, har sau biyu.

A Kafanchan aka haife ta, ta biyar cikin 'ya'ya bakwai na wani ma'aikacin reluwe. Tun tana shekara tara ake tsayar da ita gaban ikilisiya ta zubo ayoyi da ka, ta faɗi sura da lambar aya ba tare da ta ja numfashi ba. Sau shida ta ci gasar hadda a makarantar Lahadi. Da ta yi aure sai ta koma wajen Fadan Kaje, inda mijinta Zamani ke noman citta, ta kama koyarwa a firamaren cocinsu da takardar sakandare kawai. Shekara goma sha bakwai tana riƙe da aji huɗu.

Sai hukumar makarantar ta kafa doka: duk tican da bai kawo takardar NCE ba kafin watan Satumba na shekara ta huɗu, ya ajiye alli. Milka ta shiga karatun hutu a kwalejin horar da malamai, tana da shekara arba'in. Kwas talatin da biyu ta yi, ta haye talatin da ɗaya. Adabi ne ya tsaya mata a wuya. Saura mata zama ɗaya, idan ta sake faɗuwa aji huɗu ya zama na wani.

Littafin da aka ɗora musu labarin wata Lucy ne, 'yar ƙauye da ta samu aiki a birni ta daina zuwa gida. Aka ce ɗalibai su nuna cewa Lucy tana jin kunyar asalinta, su kafa hujja. Da Milka ta ji kalmar hujja, sai ta yi abin da ta saba tun tana ƙarama. Ta jero ayoyi goma sha ɗaya a kan girman kai da girmama iyaye, kowace da surarta. Daga littafin labarin kuwa ko layi ɗaya ba ta ɗauko ba.

Lakcaransu, Mista Simon, ya miƙa mata takardar yana murmushi. "Madam, da a kan bagaden coci kika karanta wannan, da ni ma na tuba. Amma a nan 28 ne."

Ta kasa gane laifinta. Ai aya ba ta ƙarya.

Ranar Alhamis, bayan taron Zumuntar Mata, ta zauna a kan benci tana yi wa Mama Afiniki ƙorafi. Mama Afiniki tsohuwa ce mai shekara saba'in da wani abu, ba ta wuce aji uku ba, amma ita ake kira idan mata biyu sun saɓa a ikilisiya.

"Mama, ayoyi goma sha ɗaya fa na ba shi."

"Wannan Lucy ɗin, 'yar wace coci ce?"

"Mama, a cikin littafi take."

"To ko a littafi ne. Ke Milka, ranar da aka ce Doreen ta zagi surukarta, muka zauna a nan, aya muka kira ta ba da shaida? Hellen muka kira, don tana wurin, ta ji da kunnenta. Aya za ta gaya miki zagi zunubi ne. Ba za ta gaya miki Doreen ta yi zagi ba. Ke kin yanke wa 'yar mutane hukunci, shaida ko ɗaya ba ki kira ba. Tican nan ma ya yi miki kirki."

A kan babur ɗin da ya mayar da ita gida Milka ta riƙa juya maganar: waɗanda suke wurin lokacin da Lucy ta yi abin da ta yi, ai kalmomin littafin ne.

Littafin shafi 214 ne. Ta raba shi kwana goma sha huɗu, tana karantawa da hantsi a gindin mangwaro yayin da take gadin cittar da aka shanya. Ta yayyanka tsohon kalanda ƙanana-ƙanana. Duk inda Lucy ta yi magana ko aka faɗi abin da ta yi, sai ta kwafe layin daidai yadda yake, ta sa lambar shafi. Zamani ya leƙa cikin gwangwanin da take tarawa ya ce, "Maman Derrick, katin zaɓe kike bugawa ne?" Ta ce masa shaidu take tarawa, ta kuma ce ya matsa gefe saboda ya tare mata rana.

Ta tara guda arba'in da shida. Ta zubar da masu tsawo da waɗanda ke maimaita juna, saura goma sha tara, ta haddace su cikin kwana uku.

A ɗakin jarrabawa tambayar ta fito a kan Lucy da mahaifiyarta. Milka ta faɗi ra'ayinta a jimla ɗaya, sannan ta kira shaida daga shafi na 58, inda tsohuwar ta zo ƙofar ofis da ƙunshin gyaɗa, Lucy ta ce wa maigadi, "Ka ce wa matar nan ta jira a waje." Ba ta bar layin ya tsaya shi kaɗai ba. Ta rubuta cewa wadda ta haife ta ce Lucy ta kira "matar nan" a gaban baƙo, kuma umarnin da ta bayar na a tsare ta a waje ne. Cikin goma sha taran, biyar kawai ta yi amfani da su, kowanne da bayaninsa na jimla biyu ko uku. Shafi biyu da rabi ta rubuta.

Sakamako ya fito ranar Talata. Ta bi layin sunaye da yatsa har ta kai nata: 71. Ta sake bi daga sama don kada ya zama na maƙwabcinta ne. Nata ne. Saura kwana goma sha tara wa'adi ya cika ta ajiye takardar shaidar kammalawa a teburin hedimasta, ta wuce aji huɗu ta ɗauki alli. Ranar Lahadi Zumuntar Mata suka fito suna kaɗa tulu da kacau-kacau, suka raka ta gaban ikilisiya da rawa.

Yanzu kai ma gwada. Ɗauko littafin labarin da ke kusa da kai, ka faɗi abu ɗaya game da mutum ɗaya a ciki. Nemo layin da ya nuna haka, ka kwafe shi daidai da lambar shafinsa, ka bayyana shi a jimla biyu. Na auna da agogo, minti goma sha biyu ya ɗauke ni. Duba naka ka gani.