Wanzamin da Ya Dawo Mana da Baba

Jikata na cewa za ta shiga aikin 'yan sandan ciki, sai na tuna wani wanzami, hawaye ya zubo mini.

Zamanin Turawa, an tsinci gawar wani falke a gonarmu a Ruwan Bago. 'Yan doka suka tafi da babanmu ɗaure. Dangi ma suka guje mu.

Sai wani baƙon wanzami ya sauka garin, yana aski yana sauraron hira. Ashe mai bincike ne daga Kano. Bayan ya kama mai laifin, ya yi sallama a ƙofar gidanmu.

Inna ta ce, "Malam, maigidan ba ya nan."

Ya ce, "Baiwar Allah, ɗora girki har da shi. Yana hanya."

Ko sunansa ba mu sani ba. Ku taya ni yi masa addu'a.