Rabin Fuskar Baba Kofur

A shekarun da na yi ina yankan takarda a wani shagon buga takardu a Zuru, babu aikin da ke tayar mini da hawan jini kamar kalandar ƙungiya. Ga ta matan coci, ga ta 'yan kabu-kabu, ga ta mahauta, kowa sai ya ga fuskarsa a bango hankalinsa zai kwanta. Amma wadda ta fi ƙona mini rai ita ce ta wata ƙungiyar tsofaffin sojoji.

Su waɗannan bayin Allah sun ajiye kaki, amma ba su ajiye muƙami ba. Ko a kalanda sai an yi fareti. Shugabansu, wani Manjo mai ritaya, shi ne a tsakiya. Kyaftin-kyaftin a gefensa, sai saje-saje, hoto yana ƙanƙancewa yadda igiya ke raguwa, har a kai ga Baba Kofur can a kusurwa.

Baba Kofur tsoho ne mai ɗingishi, yana noman dawa a wajen Rikoto. Tun da aka kawo aikin, kusan kullum sai ya leƙo shago. Ya ce mini hotonsa bai taɓa shiga takardar da inji ya buga ba, kuma ya riga ya yi wa ɗiyarsa da ke aure a Legas waya cewa za ta ga babanta a kalanda, ta nuna wa surukanta.

Manjo ma yana leƙowa, amma shi ƙorafi ke kawo shi. Wai lambobin ƙirjinsa ba su fito sosai ba, a ƙara girman hoton. Aka ƙara. Ya dawo ya ce sandarsa ta ɓace, a sake ƙarawa. Duk sanda Manjo ya kumbura sai na gefe su matsa, har kunnen Baba Kofur ya zo daidai layin da wuƙa za ta bi. Na nuna wa maigidana, ya ce, "Kai dai yanka naka ne, ka yanka da kyau."

Injin namu ba ya wasa. Takarda sai ka karkaɗa ta iska ta shiga tsakani, ka bubbuga gefenta a kan tebur har ta zama kamar bulo, ka tura ta jikin ƙarfen baya. Sannan ka taka feda mamatsi ya danne ta, ka danna maɓallai da hannu biyu, wuƙa ta sauko, ƙyat! Kafin ka ƙifta ido an gama, kuma abin da ta yanke ya yanku. Idan takardar ta yi tsibi da yawa, ko tawada ba ta bushe ba, sai ta zame a ƙarƙashin wuƙar.

Ranar taron da za su raba kalandar, da hantsi aka gama bugu, takardu ko shan iska ba su yi ba. Sai ga Manjo da farar shadda da sanda. Ya tarar ina ɗiba kaɗan-kaɗan ina bubbugawa.

"Kai yaro, kiɗa kake yi ko aiki?"

Ni da furfura a gemu, wai yaro! Na haɗiye na ce, "Ranka ya daɗe, idan aka cika ta za ta zame, kuma akwai mutum a bakin layi."

"Baƙi sun zauna. Zuba duka, sau ɗaya. Oda ce."

Na dubi maigidana ko zai ce wani abu, sai na ga ya ƙame kamar shi ma ya yi soja. Raina ya ɓaci, wallahi. Na jibga tsibin, na danna. Da na ɗaga na sama, Baba Kofur saura ido ɗaya da rabin hula. Na duba tsakiya, na duba ƙasa, babu inda ya tsira.

Manjo ya ɗauki ɗaya, ya nisanta ta da fuskarsa, ya ƙidaya lambobinsa da yatsa, ya yi murmushi. "Madalla. Ba a taɓa kowa ba." Aka kwashe kalanda aka loda a mota.

Baba Kofur yana bakin ƙofa, sanye da tsohuwar rigarsa ta kaki da ya sha guga. Ya riƙe tasa ya daɗe yana kallo. Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, zan roƙi maigida ya buga maka ɗaya daban."

Ya girgiza kai. "A'a, ɗana. Ta ƙungiya nake so, wadda nake tare da su."

Sai ya durƙusa da ƙyar a gaban kwandon da ɓarɓashin takarda ke zuba, ya tona har ya zaro wani siririn yanki mai ɗauke da ɗaya idon nasa. Ya ɗora shi a gefen kalandar, yana daidaitawa.

"Kana da gam?" in ji shi. "Daga nesa ɗiyata ba za ta gane ba."