Gular Kirya da Buhun Dusa

Hannuna na dama ya karye a hanyar Adabka, ranar da mai babur ya ga rami ya ce zai tsallake shi, ramin kuma bai yarda ba. Shi ya tashi yana kakkaɓe riga. Ni na tashi wuyan hannuna yana lilo, gangata tana kwance cikin laka, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Na ji haushin gangar nan ranar, wallahi.

Ni makaɗin noma ne, ɗan makaɗin noma. Idan aka yi gayya, manoma suka jeru da garemani, ni nake bin bayansu ina kaɗa wa kowa takensa, wato kiɗan da aka san shi da shi tun yana saurayi. Makaɗin da wuyan hannunsa ya mutu ya zama ɗan kallo, kuma damina tana tafe.

Maɗori ya ɗaure hannun da karare. Da aka kwance, sai na ga hannun ya ƙanƙance kamar na wani, ko ludayi na ɗaga sai ya yi rawa. Wani ma'aikacin asibiti a Gummi ya murza shi ya ce in bi a hankali, in fara da abu mara nauyi. Na ce to, amma a raina na ce wannan bai taɓa riƙe gula ba. Gula ita ce lanƙwasasshiyar sandar da muke dukan ganga da ita. Mahaifina yana da wata ta icen kirya, baƙa, mai nauyin tsiya, wadda ba a fita da ita gona. Da ita ya koya mini, don idan hannu ya saba da ita, ta kullum sai ta zama kamar kara. Na lalubo ta a rumbu, na fara da gaggawa, hannun ya kumbura ya yi suntum. Dole na koma ga maganar ɗan asibitin: tsinke, sannan kara, sannan gular kirya kaɗan-kaɗan.

Ban so gari ya ji ina fama ba, don haka a kan buhun dusa nake bugu, a bayan ɗaki, da la'asar. Abin da ban lissafa ba shi ne yawan taken da hannuna ya haddace. Rabin masu su ba sa nan. Wasu sun yi hijira, wasu suna ƙasa. Sai in zauna da niyyar motsa hannu kawai, in ji gular ta kama taken wani da muka yi wa sallar jana'iza tuntuni, har in ga yadda yake sunkuyawa a kan kunya. Sau da yawa na waiwaya, alhali na san katanga ce kawai a bayana.

Wanda ya fi dawowa shi ne taken ɗan maƙwabciyarmu, tsohuwar da duk unguwa ke kira Inna. Yaron nan noma yake kamar ana korarsa, takensa ma haka, gudu ne tsantsa. Ya bar garma ya tafi haƙar zinari wajen Anka, rami ya rufta da shi, ba a samu an fito da shi ba. Na sa a raina cewa ranar da hannuna ya ɗauki takensa da gular kirya ba tare da ya sare ba, na warke.

Wata la'asar na ɗauke shi har ƙarshe. Ina cikin murna sai na ji sallama. Inna ce tsaye, hannunta duk gari.

“Wanga abu da kaka bugu bisa buhu, taken ɗana na,” in ji ta. “Kullum ina jin shi ta katanga.”

Kunya ta kama ni. Na ce, “Ki gafarce ni, Inna. Ba ni ƙarawa.”

“Wa ac ce ka bari? Ɗauko ganga ta gaske. Bisa buhu ba shi ji.”

Na san hannun bai kai ba. Fatar ganga tana mayar da duka, buhu kuwa shanyewa yake. Amma na kasa ce mata a'a. Na rataya ganga, na ɗauki gula mara nauyi, na saki taken. Ya fita tas, har kajin gidan suka watse. A al'ada, mai take idan ya ji, yakan taso da kirari tun daga nesa. Inna ta juya ta zuba wa ƙofar gida ido. Ni ma, Allah ya sani, ƙofar nake kallo.

Na kai ƙarshe, wuyan hannun yana zafi kamar an sa garwashi. Na fara sauke gula.

“Kak ka tsaya,” ta ce, ba ta dube ni ba. “Wurin da nisa. Bai jiya ba tukuna.”

Na sake ɗauka daga farko. Na sake. Ina jin abin da maɗori ya haɗa yana buɗewa a hankali, ban tsaya ba sai da gular ta faɗi ƙasa don kanta.

Daminar nan wani yaro daga ƙauyen gaba ya yi wa mutanenmu kiɗa, bai san taken kowa ba. Hannuna bai sake ɗaukar kiɗa mai gudu ba har yau. Inna kuwa, duk inda muka haɗu, sai ta kama wuyan hannun nan ta shafa, ta tambaye ni yaushe zai warke.