Kajijin da Malam Ya Bari a Bakin Tabki

Shekara tara ke nan da aka kai maigidana makwancinsa, kuma ban taɓa rasa natsuwa kamar bana ba. Ban iya rubutu ba. Ɗiyata Rabi ke rubutawa, in kuka ya zo mini ta dakata.

Malam masunci ne a tabkin Madarumfa. A ƙarshen gonarmu, inda ƙasa ke komawa baƙar laka, akwai kajiji, ciyawar nan mai dogon kara da muke tonon saiwarta don turare. Yakan ce ƙafa a ruwa, kai a rana take so. In inuwa ta rufe ta ko laka ta bushe, sai ta lalace. In ruwan gulbin Gabi ya sauko tabki ya cika, 'ya'yan karfasa a gindinta suke ɓuya, kazar ruwa ta yi sheƙa a tsakiya, zalɓe ya tsaya gefe kamar mai jiran mota.

Shi ke tono mini. Sai ya cika ƙwarya, sannan ya bi ƙananan saiwoyin yana mayar da su cikin laka da diddige. In na ce wannan rowa ce, ya ce masu gida, kifi da tsuntsaye, ya bar wa. Da kajijin nan aka turara likkafaninsa.

Yanzu ɗanmu Isufu zai share wurin in ruwa ya janye, ya faɗaɗa lambun shu, wato kabeji, da salati. Ba na ganin laifinsa. Iyali sun yi masa yawa, in ba lambun ba sai cin rani Najeriya, ni kuma ba na son ya tafi. To da Malam na raye, wa zai zaɓa, ɗansa ko tsuntsayen? In tashi, in zauna, in share tsakar gidan da aka riga aka share, ba amsa.

Jiya na sa aka kai ni wurin a amalanke. Na ce wa Isufu ya bar ko da faɗin tabarma biyu. Ya daɗe yana kallon inda tiyon ban ruwa zai bi.

"Inna, tabarma ɗaya," ya ce.

Na karɓa. Na tuɓe takalmi na shiga lakar, na lalubo wata 'yar saiwa na danna ta da diddige. Ƙafata ba ta da ƙarfin tasa.

Rigunansa sun daina ƙamshi tuntuni, jirginsa ya ruɓe. Abin da ya rage na Malam, Allah ya jiƙansa, faɗin tabarma ɗaya ne, kuma ban sani ba ko kazar ruwa za ta yarda ta zauna a ciki.