Rumfar da Baba Ya Ba Furena

Yayata ce ta kawo mini reshen daga Tinyer, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Tsiro ne mai yaɗo, furensa fari tas da ja a tsakiya. Ta ce a can kan tudu ko kulawa ba ya so, amma ba ta jin zai jure zafin ranar garinmu, Garwa.

Lokacin ina koyarwa a lakol, wato makarantar unguwarmu, Pumpumre, ina zaune gidan Baba. Mahauci ne, ciwon gwiwa ya raba shi da kasuwa. Yana da rumfa daga cikin ƙofar gida, inda tsofaffin abokan sana'arsa ke zuwa hira bayan la'asar.

Na dasa reshen a tukunya. Da bazara ta kama, ganyen ya fara ƙonewa. Baba ya same ni tsugune a kansa.

"Uwata, kai shi rumfata," ya ce. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Ku kuma fa, Baba?"

"Mu mun saba da rana."

Na kewaye rumfar da raga da leda, na rataya buhuna ina jiƙa su. Ciki ya yi sanyi da laima. Tsiron ya farfaɗo, ya kama ginshiƙi yana hawa, na ƙara tukwane har wurin shimfiɗa tabarma ya ƙare.

Tsofaffin suka mayar da hirarsu gindin wata bishiyar dogon yaro kusa da kasuwa. Baba ya bi su 'yan kwanaki yana dogara sanda, daga baya ƙafar ta ƙi. In na dawo daga aiki sai in tarar da shi a bakin ɗakinsa, shi da rediyo. Abinci ba ya mini daɗi a irin waɗannan ranaku.

Na ce zan kwashe tukwanen. Ya ɓata rai.

"Abu ya kama ƙasa, ki tumɓuke shi? Bar shi."

Da damina ta sauka furen ya buɗe. Baba ne ya fara gani, ya ƙwala mini kira. Na same shi yana leƙe ta ragar, yana murmushi.

"Je ki gaya wa mutanena su zo su gani," ya ce.

Na je. Mutum ɗaya ya biyo ni. Ya duba a tsaye, ya yaba, ya koma wurin hira. Baba ya raka shi har ƙofa, ya daɗe a can kafin ya shigo.